Kwikwiyon da Za Ka Zaɓa a Fulatari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya a Fulatari, ka sha ruwa, ka zazzage rairayin hanya daga takalmanka. Ka gaishe mini da kawunka Ari da iyalinsa, manya da ƙanana. Allah ya tsare ka a gida da daji.

Ka san ba na iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana. Kai ne na fari, ga sunan mahaifina a kanka. Ko sunanka ban taɓa kamawa ba, balle in dubi idonka in ce ga inda na yi wauta. Shi ya sa na yagi takardu daga tsohon littafinka na lakwal, wanda ka gama da shi a makaranta, na zauna gindin dalbejiya bayan la'asar ina rubutu. Zan cusa wasiƙar ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli a jakarka, don na san can hannunka zai fara zuwa.

Maganar kare ce ta sa na ɗauki biro.

Jiya kawunka ya kira a waya ya ce karyar maƙwabcinsa Bappa Sanda ta haihu, an kuma yi maka alkawarin kwikwiyo ɗaya da zai riƙa bin ka kiwo. Na ji abin da ka ce wa ƙanwarka Yagana: "Irin Yarima zan ɗauka, wanda ya fi kowa faɗa!" Ina tankaɗe a lokacin, sai rariya ta tsaya a hannuna.

Babana, karnukan makiyayan can ba irin 'yan ramammun nan na bayan tasha ba ne. Kwikwiyon da za ka ɗaga da hannu ɗaya yau, kafin damina ta zagayo ya kai maka ƙugu, ƙirjinsa kamar na ɗan maraƙi. Shi zai tsaya tsakanin tumaki da dila. Shi ne kuma zai riƙa shiga gidan kawunka, inda akwai masu rarrafe da masu koyon tafiya. Halin da ka ɗauko a cikin tafin hannunka, shi zai girma ya yi haƙora. Don haka ka saurare ni, ko da ka gama cin ƙuli-ƙulin.

Kai abin da ka riƙe na Yarima, tsohon karenmu, hoto ne. Kana ƙarami, muna gonar tattasai a bakin kogin Komadugu, tun kafin tashin hankali ya dawo da mu cikin gari. Ni ma idan na rufe ido ina ganin wurin. An shanya tattasai a kan rairayi, ja wur har inda ido ya tsaya, kamar an shimfiɗa wa wata amarya darduma daga bukkarmu zuwa bakin ruwa. Injin ban ruwa yana ta bugawa, balbelu suna sauka a kan kwari, ƙamshin shanyar yana sa atishawa mai daɗi. Can gefe Yarima a tsaye, baƙi, dogo, ba ya motsi. Wannan ka gani. Bari in ba ka sauran.

Na zo gidan babanku da akwatin kaya da buhun littattafai. Littattafan soyayya ne, ƙanana, waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga ƙetare, wasu bangonsu ya cire, wasu an ci shafin ƙarshe. A cikinsu duka akwai wani irin namiji: miskili, mai ɗaure fuska, ba ya dariya, ba ya kula kowa, kowa na tsoronsa. Sai wata yarinya ta zo ta yi ta haƙuri da shi, can wajen ƙarshen littafi ya narke ya zama kamar man shanu a rana. Na karanta wannan labari da sunaye iri-iri har na ɗauka haka duniya take.

Da awakin mutane suka dame mu da shiga shanya, babanku ya ce a samo kare. Ya kai ni wajen wani mai lambu da karyarsa ta haihu. Tun daga nesa muka ji ta. Tana ɗaure da sarƙa, tana tsalle har sarƙar na shaƙe ta, bakinta na kumfa. Ban ko dube ta ba. Kwiyakwiyan suka taho da gudu suna faɗuwa a kan ƙafafuna, suna lasar zanena. Ɗaya ne bai zo ba. Yana zaune a kan kaskon abinci, ya kafa mini ido, da ɗan'uwansa ya matso sai ya ɗage leɓe.

Na ce, "Wancan."

Babanku ya ce, "Zara, ga waɗanda suka zo gaishe ki, sai ki ɗauki wanda ya harare ki?"

Na ce, "Ka dubi idonsa. Wannan yarima ne."

Ya yi dariya ya ce, "Yarima a littafinki. Ni dai dogari nake gani, kuma wanda ba a biya shi ba."

Amma ya ɗauko mini shi, don babanku bai iya hana ni abu ba. Wannan ita ce wautata ta farko: na zaɓi kare da idon mai karatun littafi, ina jira ya narke a shafin ƙarshe. Babana, hali ba ya jiran shafin ƙarshe. Yana nan tun a kasko. Kuma kafin ka dubi ɗa, ka dubi uwar. Idan ka isa gidan Bappa Sanda, ka tsaya daga nesa ka ga yadda karyar za ta karɓe ka. Ta yi haushi, wannan aikinta ne, tana da jego. Abin da za ka duba shi ne, idan maigidan ya ce mata ya isa, tana yin shiru? Tana barin yaran gidan su taɓa 'ya'yanta? Ka tambayi wane ne uban, kuma ko ya taɓa cizon mutum. Kada ka ji kunyar tambaya. Idan uwar ba ta jin maganar mai ita, ka yi godiya, ka sha nonon da aka ba ka, ka koma hannu biyu.

Wauta ta biyu ba ni kaɗai na yi ta ba, duk bakin kogin mun yarda da ita. Maƙwabcin gonarmu, Aba Kyari, tsoho mai kirki, ya zo ya duba kwikwiyon ya ce, "Wannan zai yi. Amma sai an dafa shi."

Na ce, "A dafa shi kamar yaya, Aba?"

Ya ce, "Ki riƙa barbaɗa masa garin barkono a tuwo, zuciyarsa ta yi zafi. A yanke masa kunne. Da rana a ɗaure shi bayan bukka, kada ya saba da fuskar mutane. Karen da ya san kowa, wa zai yi wa haushi?"

Mu da barkono ke gabanmu kamar rairayi, me ya fi wannan sauƙi? Na riƙa zuba masa. Yana ci yana hawaye yana goga hanci a ƙasa, ni kuwa ina cewa a raina jarumi ake ginawa. Ya girma a turke, yana jin muryoyin mata masu tsinkar tattasai, bai taɓa shinshina hannun ko ɗaya ba. Duk ɗan Adam a wurinsa baƙo ne, in ban da ni da babanku. Ni ɗin ma, in na kawo abinci, da sanda nake tura kaskon.

Ka tambayi kanka, Babana: ka taɓa shafa Yarima? Ba ka taɓa ba. Duk ranar da aka kwance shi, kana goye a bayana, ko da ka yi nauyin da ya wuce goyo.

A shekarar da mutanen ƙetaren kogi suka fara gudowa, wata mata ta zo neman aikin tsinka da 'yarta, yarinya siririya da ba ta daɗe da yin famfara ba. Sunanta Fanna. Ran nan da hantsi tana ɗauke da kwando, sai ta yi tuntuɓe, tattasai ya watse har bayan bukka. Ta bi tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce ta yi ɓarna. Ta sunkuya dab da kaskonsa. Ban ji haushi ba. Ka riƙe wannan, bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Turken kawai na ji ya tumɓuke.

A amalanke muka kawo ta gidan likita a Diffa, hannunta naɗe da ɗankwalina. An yi ɗinki, an yi ta allurai. Uwarta ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tana zaune a bakin gadon ta ce a hankali, da Hausarta mai Barbarci, "Mun gudo daga mutane, ashe kare na jiranmu."

Da aka tabbatar ba haukan kare ba ne, babanku da Aba Kyari suka ja shi can bayan tsamiyoyi. Babanku ya dawo da sarƙa kaɗai a hannu, bai ci abinci ba ranar. Kai kuma muka ce maka Yarima ya bi maharba arewa. Ka yi ta tsayawa a kan tudu kana duban hanya. Ka yafe mana. Shi ma kare ina jin nauyinsa har yau, don zafin da aka haife shi da shi kaɗan ne, ni na ƙara masa sauran da cokali.

Don haka babu barkono, babu yankan kunne, babu turke da rana. Duk wanda ya ce maka a dafa kare, ka ce masa innarka ta dafa, ta ga abin da ya nuna. Kwikwiyo ya tashi cikin mutane da dabbobi, ya san ƙafar yaro da sandar tsoho da kukan jaki. Karen da ya san kowa shi ne ya san wanda ba na gida ba.

Da ka ce na yi hankali daga nan. Ina! Bayan mun dawo gari, aka sace mana akuya, muka sake neman kare. A wannan karo na ce ba ni ba mai harara. Sai na ga wata 'yar kwikwiya ta maƙale bayan randa tana rawar jiki, ko idonta bai gama washewa ba. Zuciyata ta karye. Ai ita ce ɗaya rabin littattafan nawa: marainiya, abin tausayi, wadda kowa ya tsana, wadda za ta zama tauraruwa in ta samu mai sonta. Na sa mata suna Marainiya, na raba ta da nonon uwarta tun lokaci bai yi ba, na riƙa ba ta madara da murfin kwalba.

Babanku ya leƙo ya ce, "To, an gama littafin yarima, an shiga na marainiya. Allah ya sa wannan ya ƙare da biki."

Ita kam ka tuna ta. Ta girma ta yi tsawo, amma tsoron bai fita ba, girma ya yi tare da ita. A yi tsawa, tana ƙarƙashin amalanke. Babbar mota ta wuce, tana fitsari. Wata rana Yagana tana rarrafe ta zo ta bayanta ta kama wutsiya. Marainiya ta juyo a firgice ta kai cafka. Allah ya tsare, rigar kawai ta yage. Na tsaya da yagaggiyar riga a hannu, ina ganin hannun Fanna a idona. Muka ba da ita ga wani dattijo mai lambu da ke zaune shi kaɗai, can ta tsufa cikin shiru.

Ka gane, Babana? Mai zafi yana cizo don yana ganin duniya tasa ce. Matsoraci yana cizo don yana ganin duniya za ta cinye shi. Hannun yaro bai san bambancin ba. Tausayi abu ne mai kyau, ka ba matsoracin abinci, ka yi masa magana mai laushi, amma kada ka kai shi garke ka ce ya tsare maka rai. Kuma ko wanne ka zaɓa, ka bar shi wajen uwarsa har ta yaye shi da kanta. A wurinta da 'yan'uwansa yake koyon inda wasa ya tsaya, cizo ya fara.

Karen kirki sau ɗaya na gan shi da idona, kuma da farko raina shi na yi. Lokacin da na je wankan jegon Yagana a Fulatari, kawunka yana da wani tsohon kare ja, Duna ake ce masa ko da yake ba baƙi ba ne, ban san wanda ya sa masa ba. Kullum yana kwance tsakiyar tumaki a inuwar goriba, 'yan raguna na hawa bayansa suna zamewa, shi kuwa sai hamma. Na ce wa kawunka, "Yaya, wannan kare ne ko tabarma?" Ya ce, "Jira dai." Wata yamma garke na dawowa daga rijiya, rana ta yi ja a kan tuddan rairayi, ƙurar ƙafafunsu ta zama kamar hayaƙin turare. Sai na ga Duna ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya zagaya ya shiga tsakanin wata tunkiya mai ɗingishi da wani kurmin kaba. Ya yi haushi mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji. Dila ya fito daga kabar ya bi tudu. Duna bai bi shi ba. Ya tsaya har tunkiyar ta wuce, ya biyo ta a baya, ya zo ya kwanta, ɗan kawunka ya ci gaba da ja masa kunne.

Irin wannan nake so ka nemo, kuma ana gane shi tun yana ƙarami in an yi haƙuri. Ka je da safe, lokacin da suka ƙoshi suna wasa. Kada ka tsaya a kansu kamar mai sayen rago. Ka zauna a ƙasa ka yi shiru. Wani zai faɗo maka da gudu yana cizon yatsu, ya ture kowa. Wani zai ɓuya. Akwai wanda zai tsaya ya dube ka tukuna, sa'an nan ya tako a hankali, wutsiya na kaɗawa, ya shinshina ka, wataƙila ma ya zauna a kan ƙafarka kamar kun saba. Ka sa ido a kansa. Ka saki kwanon sha ya faɗi a gefe. Duk za su zabura, zabura ba laifi ba ce. Ka ga wanda zai dawo ya leƙa kwanon ya ga mene ne. Ka ɗauke shi ka kwantar da shi rigingine a tafinka, ka dafa ƙirjinsa kaɗan. In ya ɗan yi mutsu-mutsu sa'an nan ya saki jiki ya dube ka, madalla. In ya yi ta faɗa yana neman hannunka da haƙori, ko ya sandare kamar gawa, ka ajiye shi. Ka ba shi ɗan tuwo, yana ci ka taɓa kaskon. Wannan kam kada ka manta, ka san dalili yanzu.

Kuma kada ka yanke a zuwa ɗaya. Ka koma wata rana da yamma, ka ɗauki ɗan rago ka je da shi. Kare ma yana da ranar da ya tashi da baƙin rai, kamar innarka ranar da aka aro mata littafi ba shafin ƙarshe.

In ka kawo shi, ya kwana cikin 'yan raguna tun daga ranar farko, ya ɗauka su ne danginsa. Kaskonsa daban, wurinsa waje, ba ɗaki ba, ba kan buzun salla ba. Kada ya rasa ruwa. In masu allurar dabbobi sun zo, ka kai shi a yi masa ta haukan kare. Kada ka dake shi cikin fushi, kuma kada ka yi masa wasan "kama shi, kama shi" da yaran mutane don abokanka su yi dariya. Babban kare ba ya mance abin da aka koya masa da dariya.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce wannan da nake kwatantawa ba shi da kwarjini, ba wanda zai tsaya a rijiya ya ce kai, karen wane ne wannan? Gaskiya ne. Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, in ka karanta ka yi kamar ba ka gani ba.

Ina budurwa, mai farar mota nake jira, mai ɗaure fuska, wanda zai yi mini magana ɗaya a wata. Sai ga babanku ya zo zance yana warin man inji, yana gaishe da kowa har da awaki. Ran nan ƙanena ya saki tire da kofuna a bayansa. Ya zabura har hularsa ta faɗi, sa'an nan ya juya yana dariya ya taya shi tsincewa. Na koma ɗaki na yi kuka, na ce wannan ba a rubuta littafi a kansa. Ranar da aka ce kowa ya bar bakin kogi, mutane na gudu suna kiran sunayen 'ya'yansu, ni na tsaya na rasa abin ɗauka. Babanku bai ɗaga murya ba. Ya ɗora ka a amalanke, ya ɗora ni, ya ɗora tsohuwar Aba Kyari. Har mun fara tafiya ya ce a dakata, ya koma bukka. Na ɗauka injin zai cire. Sai ga shi da buhun littattafaina a kafaɗa. Ya ce, "In babu su, wa zai iya zama da ke a gari?"

Har yanzu ina karanta su, ba zan daina ba, suna da daɗi da zafin rana. Amma na daina aikensu su yi mini zaɓe.

Saura abu ɗaya. Ƙarƙashin wannan takarda akwai ƙullin busasshen kifi. Ba ni na saya ba. Ya Fanna ce ta ba da, mai kifin nan ta bakin tasha, wadda nake aiken ka wurinta, mai sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. Ita ce. Da safen nan na gaya mata za ka tafi kiwo, har za a ba ka kare. Ta ci gaba da juya kifi a mai. Can ta ƙulla wannan ta miƙo mini, ta ce, "Ki ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ki ce kuma ya ɗauki wanda in na zo Fulatari zan iya shiga gidan in gaishe shi."

To, ka ji. In ka zauna a ƙasa cikin kwiyakwiyan nan, ranka ya tafi ga mai harara, ka tuna da ita tsaye a ƙofar gidan kawunka tana sallama. Wanda za ka iya ce mata "Shigo, Ya Fanna, ba ya komai," ba tare da ka kai hannu wuyansa ba, shi ne naka.

Allah ya tsare mini kai daga sharrin daji da na mutum, ya tsare mutane daga abin da ke hannunka. Allah ya sa albarka a garken, ya ba ku ruwa da ciyawa, ya haɗa ka da abokin tafiya mai sanyin rai. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka bi maganar kawunka. Yagana ta ce a gaya maka ita za ta sa wa kwikwiyon suna, kuma babanku ya ce kowa ya sa, ban da ni.

Allah ya dawo mini da kai lafiya. Wassalam.

Innarka,
daga Diffa